Gobarar Motar Lantarki: Musabbabanta da Yadda Ake Kiyaye Ta

Alƙaluman da ake da su daga ƙasashen da motar lantarki ta yawaita ba su nuna cewa ta fi motar fetur ko ta dizal saurin kamawa da wuta ba. Hukumar kula da ayyukan gaggawa ta ƙasar Suwidin ta ƙirga gobara 23 a cikin motoci kimanin 611,000 masu aiki da batir a shekarar 2022, alhali a cikin motocin mai kimanin miliyan 4.4 an samu gobara wajen 3,400, wato kusan ninki ashirin idan aka auna da yawan kowane rukuni. Wajibi ne a karanta wannan lissafi da hattara, domin yawancin motocin lantarki sababbi ne, ita kuwa gobara ta fi aukawa tsofaffin motoci waɗanda wayoyinsu suka goge, bututun mansu ya tsattsage. Haka kuma ana yawan ɗora wa motar lantarki laifin da ba nata ba, kamar yadda ya faru a gobarar wurin ajiye motoci na filin jirgin saman Luton a Ingila cikin watan Oktoban 2023, wadda ta lalata motoci fiye da 1,000, jita-jita ta ce batir ne, bincike kuma ya tabbatar da cewa daga motar dizal ta tashi. Abin da ya sa gobarar batir ta cancanci bayani na musamman shi ne halinta: tana farawa a inda ido ba ya gani, tana iya jinkirta kwanaki bayan abin da ya haddasa ta, kuma ba ta mutuwa da dabarun da aka saba kashe wutar fetur da su.

Abin da ke cikin batir

Batirin motar lantarki babban akwati ne na ƙarfe ko na alminiyom da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kujeru, nauyinsa yakan kai kilo 300 zuwa 600, kuma a cikinsa an jera ƙananan batura da ake kira ƙwayoyi, an haɗa su har ƙarfin lantarkinsu ya kai bolt 400, a wasu sababbin motoci ma 800. Yawan ƙwayoyin ya danganta da ƙirar mota: tsohuwar Tesla Model S tana ɗauke da ƙwaya 7,104 masu siffar batirin tocila, yayin da Nissan Leaf ta farko take da 192 masu faɗi kamar ambulan. Kowace ƙwaya tana da fuska biyu, wato anod, wanda galibi ake yi da girafayit, baƙin ma'adinin da ke cikin fensir, da katod, wanda ake yi da haɗin litiyom da wasu ƙarafa. A tsakaninsu akwai tantani na roba mai ƙananan ƙofofi, wanda kaurinsa bai kai rabin na silin gashin kai ba, aikinsa kuwa shi ne ya bar ƙwayoyin zarra na litiyom su ratsa, amma ya hana fuskokin biyu taɓa juna. Duk waɗannan suna jiƙe a cikin ruwan batir, wanda ya bambanta ƙwarai da asid ɗin batirin dalmar da makanikai suka sani, domin shi wannan mai kamawa da wuta ne kamar kananzir.

Ke nan a cikin kowace ƙwaya an tara makamashi, an tara ruwa mai cin wuta, sannan aka raba tsakani da siririn tantani. Kusan duk tarihin gobarar batir tarihin lalacewar wannan tantani ne. Idan ya huje, ko ya narke, ko ya naɗe tun daga masana'anta, anod da katod sukan haɗu, wutar da ya kamata ta bi waya zuwa injin sai ta zuba a wuri guda cikin ƙwayar, wurin ya yi zafi nan take. Daga kimanin digiri 90 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, wani siririn rufi da ke kare anod yakan fara rushewa yana fitar da nasa zafin. A wajen digiri 130 zuwa 165 tantanin yakan narke, haɗuwar ta ƙaru. Idan aka haura 200, katod irin mai nikel yakan fara sakin iskar oksijin, wadda ita ce abincin wuta. Kowane mataki yana haifar da zafin da ke ingiza na gaba, har a kai matsayin da ƙwayar take samar da zafi fiye da abin da za ta iya fitarwa. Wannan shi ne ake kira ƙwacewar zafi, domin ya yi kama da dokin da ya ƙwace wa mahayinsa linzami. Ƙwayar da ta ƙwace tana iya kaiwa digiri 700 ko fiye, ta dafa maƙwabciyarta, ita ma ta dafa ta gaba, wutar ta riƙa tafiya ƙwaya bayan ƙwaya cikin rufaffen akwati.

Ba duk batura ne halinsu ɗaya ba. Waɗanda katod ɗinsu ya ƙunshi nikel da manganis da kobalt, waɗanda ake yi wa laƙabi da NMC, sun fi ɗaukar makamashi a ƙaramin nauyi, amma sun fi saurin ƙwacewa. Waɗanda aka yi da baƙin ƙarfe da fosfet, wato LFP, sun fi haƙuri da zafi kuma ba sa sakin oksijin da sauƙi, shi ya sa kamfanin BYD na ƙasar Sin ya tallata batirinsa mai suna Blade a shekarar 2020 ta hanyar soka masa ƙusa a gaban jama'a ba tare da ya kama da wuta ba. Duk da haka kuskure ne a ɗauki LFP a matsayin wanda ba ya da haɗari, domin idan aka matsa masa yana fitar da iskar haidurojin mai yawa, wadda takan taru a rufaffen ɗaki ta fashe.

Abubuwan da ke raunata ƙwaya

Na farko kuma mafi bayyana shi ne duka. Tunda batir a ƙasan mota yake, duk abin da ya bugi cikinta daga ƙasa shi ya buga. A watan Oktoban 2013 wata Tesla Model S ta taka guntun ƙarfe a babbar hanya a jihar Washinton ta Amurka, ƙarfen ya huda akwatin batir, gaban motar ya kama da wuta, abin da ya sa kamfanin ya ƙara wa motocinsa sulken ƙarfen titaniyom a ƙasa a watan Maris na 2014. Mafi muni shi ne raunin da ba ya nuna kansa nan da nan. A shekarar 2011 hukumar kiyaye haɗurra a manyan hanyoyin Amurka ta gwada wata Chevrolet Volt da karo ta gefe, aka ajiye ta a fili, sai bayan mako uku ta kama da wuta, domin karon ya huda batir ya kuma fasa bututun ruwan sanyaya shi. Irin wannan wuta ta ƙaiƙayi ce, mai ci ta ƙarƙashi, kuma darasinta ga mai mota a fili yake: duk lokacin da cikin mota ya daki dutse, ko tudun rage gudu, ko bakin rami da ƙarfi, ya kamata a ɗaga ta a duba akwatin batir ko da tana tafiya lafiya, kuma kafin a duba a riƙa ajiye ta a waje, nesa da ɗakin kwana. Lanƙwasa ko lotsawar da mai gyaran jikin mota zai raina a ƙofa ko a bamba, a jikin akwatin batir babbar magana ce, kuma ba wurin da za a kai wutar walda ba ne.

Na biyu shi ne aibin masana'anta, wanda mai mota ba shi da hannu a cikinsa kuma ba zai iya ganinsa ba. Misali mafi shahara shi ne na Chevrolet Bolt, wadda kamfanin General Motors ya fara janyewa a watan Nuwamban 2020, ya kuma faɗaɗa janyewar a watan Agustan 2021 ta haɗa da dukan motocin wannan ƙira, kimanin 140,000. Bincike ya gano aibi biyu da kan haɗu a ƙwaya guda daga cikin waɗanda kamfanin LG ya ƙera, wato yagewar ɗan harshen ƙarfen da ke fitar da wuta daga anod, da naɗewar tantani, gyaran kuwa ya ci kusan dala biliyan 2. Kafin a sauya baturan, an umarci masu motocin da kada su cika caji fiye da kashi 90 cikin 100, kada su bari ya yi ƙasa sosai, kuma kada su bar mota a kan caji cikin gareji da dare. A watan Fabrairun 2021 kamfanin Hyundai shi ma ya janye motoci kimanin 82,000, mafi yawansu Kona masu lantarki, don sauya batura. Abin da ke hannun mai mota a nan shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake shigarwa a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera motar don a ga ko tana cikin waɗanda aka janye, da kuma ko an yi gyaran.

Na uku shi ne ruwa. An rufe akwatin batir yadda ruwan sama da wankin mota ba sa shiga, amma ba a yi shi don ya kwana a nutse ba, kuma robar da ke toshe bakinsa tana tsufa. Bayan guguwar Ian da ta auka wa jihar Filorida a watan Satumban 2022, gomman motocin lantarki da ruwan teku ya shanye sun kama da wuta, wasu bayan kwanaki, wasu bayan makonni, saboda gishirin da ya bushe a cikin akwatin ya zama gada da wuta ke bi tsakanin sassan da bai kamata su haɗu ba. Ruwan kogi bai kai na teku haɗari ba, amma ruwan ambaliya mai laka da ƙazanta, irin wanda ya mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, shi ma yana ɗaukar wuta kuma yana kawo tsatsa. Motar da ruwa ya kai ga batirinta ba a tayar da ita, ba a sa ta caji, ana ɗaukar ta a kan motar janwe mai shimfiɗa zuwa fili.

Wannan batu yana da alaƙa ta kai tsaye da kasuwar tsofaffin motoci, domin sananne ne cewa da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano an saye su ne a gwanjon motocin da kamfanonin inshora suka yanke wa hukuncin lalacewa, ko ta haɗari ko ta ambaliya. A motar fetur ana iya gyara jiki a yi fenti, magana ta ƙare. A motar lantarki kuwa raunin yana iya kasancewa a kwance cikin akwati. Mai saye ya kamata ya nemi tarihin motar ta lambar shasi, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba ko akwai busasshiyar laka ko tsatsa a ƙusoshin kujeru, ya shiga ƙarƙashi da fitila ya duba ko an taɓa kwance akwatin ko an like shi da gam, sannan ya sa a jona na'urar bincike a karanta ƙarfin kowane rukunin ƙwayoyi, domin rukunin da ya yi ƙasa da 'yan'uwansa sosai shi ne abin zargi. Motar da ta fito daga ƙasa mai tsananin sanyi tana da nata tarihin: cajin gaggawa a yanayin ƙanƙara yana sa litiyom ya daskare a fuskar anod maimakon ya shige cikinsa, a hankali ya tsiro kamar ƙaya, ƙayar kuma tana iya huda tantani bayan shekaru.

Zafin gari shi kaɗai ba kasafai yake tayar da gobara ba, domin digiri 43 na bazarar Sakkwato ko Maiduguri yana nesa da inda ƙwacewa ke farawa. Illarsa ita ce tsufar da batir da wuri da rage tazarar da ke tsakanin lafiya da haɗari, tunda ƙwayoyin sun fi son zama tsakanin digiri 15 da 35. Tun da aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a shekarar 2021, gwamnatin Borno kuma ta shigar da tasi da bas na lantarki cikin sufurin Maiduguri, illar zafi ga batirin mota ta daina zama zancen wasu ƙasashe. Inuwa ta fi rana wajen ajiya, cajin asuba ko na dare ya fi na tsakar rana, kuma ruwan sanyaya batir ba a cika shi da ruwan famfo kamar yadda ake yi wa lagireto, sai da irin wanda kamfani ya ayyana.

Caji da wayarin gida

Kowane batir yana da ƙwaƙwalwa, wato na'urar da ke lura da ƙarfi da zafin ƙwayoyi ta kuma yanke caji idan an cika, don haka wuce gona da iri wajen caji ba ya yawan faruwa a motar da ba a taɓa ta ba. Gobarar da ke tashi lokacin caji sau da yawa daga bango take farawa, ba daga mota ba. Cajar da ake jonawa a soket ɗin ɗaki tana jan kimanin kilowat 2.3, wanda ya yi daidai da butar dafa ruwa ta lantarki, sai dai ita buta minti biyar take yi ta mutu, batir mai ɗaukar kilowat-awa 60 kuwa sai ya sha wajen awa 26 kafin ya cika daga fanko. Soket mai sakakkiyar ƙusa, ko siririyar waya, ko wayar ƙari da aka bari a naɗe, za su jure minti biyar amma ba za su jure dare guda ba: robar takan fara yin ruwan ƙasa a gefen ƙofofin soket, ta yi warin ƙuna, filogin ya yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya daina amfani da wurin.

Hanyar da ta dace ita ce ƙwararren mai wayarin ya ja layi na musamman daga allon rarraba wuta zuwa cajar bango, wadda galibi take jan amfiya 32 ta ba da kilowat 7, da waya mai kaurin da ya dace, da makashin da ke yanke wuta idan ta zurare, da na'urar kare kaya daga bugun wuta mai ƙarfi, abin da ya zama dole a inda wuta ke ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi. Wayar ƙasa, wadda gidaje da yawa ba su da ita ko kuma sandarta ta ruɓe, sharaɗi ce. Yawancin caja sukan ƙi aiki idan babu ita, kuma dabarar yaudarar caja don ta yi aiki da janareta ba tare da an kafa sandar ƙasa ba cire kariya ce da gangan. A batirin NMC an fi so a tsaya a kashi 80 cikin 100 don zirga-zirgar yau da kullum, a na LFP kuwa kamfanoni sukan so a cika shi lokaci-lokaci don ƙwaƙwalwar ta daidaita lissafinta. Ƙananan ababen hawa, wato babura da kekuna da Keke Napep masu batir, sun fi motoci haɗari nesa ba kusa ba, saboda arhar ƙwayoyi da cajar da ba tasu ba da al'adar shigar da batir ɗaki. A birnin New York kaɗai gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a shekarar 2023.

Idan abin ya auku

Batirin da ke shirin ƙwacewa yakan yi gargaɗi, ko da na ɗan lokaci ne: saƙo a allon direba, wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce, ƙarar huci ko fashe-fashe daga ƙasa, da farin hayaƙi mai nauyi da ke bin ƙasa. Wannan hayaƙi ba tururi ba ne. Yana ɗauke da haidurojin da kabon monoksayid da haidurojin fuloraid mai ƙona huhu, kuma yana iya kamawa gaba ɗaya lokaci guda. Ƙa'idar da ƙasar Sin ta kafa a 2020 ta wajabta wa masu ƙera motoci tazarar minti 5 tsakanin gargaɗi da isar haɗari ga fasinjoji, kuma wannan ya nuna girman lokacin da ake magana a kai. Direba ya tsaya a fili, ya kashe mota, ya fitar da kowa, su koma ɓangaren da iska ke fitowa, tazarar mita 30 ko fiye, a kira 'yan kwana-kwana a kuma faɗa musu tun a waya cewa motar lantarki ce. Da yake ƙofofin wasu motoci da lantarki suke buɗewa, wajibi ne mai mota da iyalinsa su san inda mabuɗin hannu yake tun ranar da aka saye ta. Wayoyi masu launin ruwan lemo su ne masu ɗauke da babbar wuta, ba a taɓa su, ba a yanke su.

Tukunyar kashe gobara ta hoda tana da amfani idan wutar a kujera ko a taya take, amma ba ta tsayar da ƙwacewar zafi, haka ma yashi da bargo, domin dukansu suna aiki ne ta hanyar toshe iska, alhali ƙwayar tana samar da zafinta da wani ɓangare na oksijin ɗinta daga ciki. Maganin shi ne sanyaya, wato ruwa mai yawa na tsawon lokaci a kan akwatin, kuma tsoron cewa litiyom yana fashewa da ruwa bai shafi waɗannan batura ba, tunda ba tsantsar ƙarfen ne a cikinsu ba. Littafin da Tesla ta tanadar wa masu aikin ceto ya ambaci kimanin lita 11,000, adadin da ya wuce abin da motar kwana-kwana ta yau da kullum ke ɗauka a tankinta, shi ya sa a wasu lokuta shawarar da ta fi ita ce a bar motar ta cinye kanta a mayar da hankali ga kare abin da ke kusa. A rufaffen wuri lamarin ya fi tsanani, kamar yadda aka gani ranar 1 ga Agustan 2024 a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, inda wata Mercedes-Benz EQE da ta yi fiye da kwana biyu a ajiye, ba a kan caji ba, ta kama da wuta a ƙarƙashin wani rukunin gidaje, famfunan yayyafi na rufi ba su yi aiki a kan lokaci ba, aka kwashe fiye da awa takwas ana fama, motoci fiye da 100 suka lalace.

Mutuwar harshen wuta ba ta nufin an gama, domin ƙwayoyin da ba su ƙone ba suna nan da cajinsu a cikin akwatin da ya riga ya raunata, babu kuma hanya mai sauƙi ta zubar da shi. Wata Tesla Model X da ta yi haɗari a Kalifoniya a watan Maris na 2018 ta sake kamawa bayan kwana biyar a filin da aka ajiye ta. Saboda haka ake ɗaukar irin wannan mota a kan shimfiɗa, ba a jan ta tayoyi na juyawa a ƙasa, tunda juyawar taya tana sa injin ya haifar da wuta, kuma ana ajiye ta aƙalla mita 15 daga gini ko wata mota, ana auna zafinta lokaci-lokaci da na'urar auna zafi daga nesa. Haka nan ba a miƙa gawar batirin ga 'yan gwangwan su fasa da guduma da kurfi, kuma ƙwayoyin da aka ciro daga motar da ta yi haɗari ko ta nutse ba sa cikin waɗanda za a sake harhaɗawa a yi batirin sola na cikin gida da su, komai kyan da suka nuna a kan mita.